Robert Millikan (1868–1953): Ɗalibin da Dogon Hutu Ya Mayar Masanin Fiziks

1.0 Gabatarwa

Robert Andrews Millikan yana ɗaya daga cikin mashahuran masana kimiyyar Fiziks da ƙasar Amurka ta yi a farkon ƙarni na 20. Shi ne ya auna yawan cajin lantarkin da ke jikin ilektiron, wato 'yar mitsitsiyar ƙwayar nan da ke cikin ƙwayar zarra, wadda gudanarta cikin waya ke samar da wutar lantarki. Wannan aiki, tare da wani da ya yi a kan haske, su suka sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 1923.

Tarihinsa yana da muhimmanci ga ɗalibi mai koyon aikin malanta saboda ƙofar da ya bi ya shiga wannan fage. Millikan ɗalibin harshen Girka ne, ba ya ma sha'awar Fiziks. An ɗora masa koyar da darasin alhali bai san shi ba, sai ya kwashe dogon hutun ƙarshen shekara yana koya wa kansa. Daga wannan hutu rayuwarsa ta sauya alƙibla. Bayan ya zama malami kuma, ɗalibansa sun taka rawa a manyan binciken da ya yi, kuma yadda ya yi mu'amala da su ya bar darussa, wasu na koyi, wasu na kiyayewa.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Millikan ranar 22 ga watan Maris na shekarar 1868 a garin Morrison da ke jihar Illinois ta Amurka. Mahaifinsa, Silas Franklin Millikan, limamin coci ne, sunan mahaifiyarsa kuwa Mary Jane Andrews. Yana yaro iyayensa suka koma jihar Iowa, inda ya tashi a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Maquoketa, a nan ne kuma ya yi karatun sakandare. Garin na manoma ne, kuma kimiyyar da ake koyarwa a makarantun irin waɗannan garuruwa a wancan zamani ba ta taka kara ta karya ba. Da ya gama sakandare ya ɗan taɓa aikin rubuta bayanan shari'a a kotu, sannan a shekarar 1886 ya shiga Kwalejin Oberlin da ke jihar Ohio.

A Oberlin darussa biyu ne suka fi kwanta masa a rai, harshen Girka da Lissafi. Ya ɗauki wani gajeren kwas na Fiziks na mako 12, amma bai ji daɗinsa ba, har ya ɗauke shi a matsayin ɓata lokaci.

3.0 Dogon Hutun Shekarar 1889

Kwalejin Oberlin tana da sashen share fage, inda ake shirya yara kafin su fara karatun digiri. A shekarar 1889 sashen ya buƙaci wanda zai koyar da Fiziks na matakin farko. Malamin da ke koya wa Millikan harshen Girka shi ya kira shi ya ce ya karɓi ajin a zango mai zuwa. Millikan ya nuna masa cewa shi fa bai san komai ba a Fiziks. Malamin ya amsa masa da cewa duk wanda ya iya Girkancin da yake koyarwa, to koyar da Fiziks ba zai gagare shi ba. Millikan ya amince, bisa sharaɗin cewa in abin ya lalace, malamin ne zai ɗauki alhaki.

A Amurka dogon hutu yakan faɗo ne daga watan Yuni zuwa Agusta. Millikan ya sayi littafin Fiziks na wani marubuci mai suna Avery, ya tafi da shi gida, ya shafe mafi yawan hutun yana fama da shi. Hanyar da ya bi ita ce warware tambayoyin lissafin da ke cikin littafin ɗaya bayan ɗaya, domin ya san cewa gobe yara za su tsare shi da tambaya, kuma hadda ba za ta fisshe shi ba. Kafin hutu ya ƙare, darasin da ya raina ya zama abin da ya fi so.

A tarihin rayuwarsa da ya wallafa a shekarar 1950, ya bayyana cewa da wuya in ya taɓa koyarwa mai kyau kamar wadda ya yi a wannan aji na farko. Dalilin da ya bayar shi ne, yana ta ƙoƙarin kada yaran su cim masa, saboda haka kullum cikin nazari yake, kuma mai yiwuwa wannan zumuɗi nasa ne ya kama ɗaliban. Daga wannan lokaci ya riƙe ra'ayin cewa ana koyon Fiziks ne ta warware matsaloli da yin gwaji da hannu, kuma a kan wannan ra'ayi ya gina littattafan da ya rubuta daga baya.

Ya sami digirinsa na farko a 1891. Ya ci gaba da koyarwa a sashen share fagen har shekara biyu, yana kuma ƙara nazari da kansa, har kwalejin ta ba shi digiri na biyu a 1893.

4.0 Shigarsa Ɗakin Gwaje-gwaje

A shekarar 1893 ya sami tallafin karatu zuwa Jami'ar Columbia da ke birnin Niyok. A lokacin shi kaɗai ne ɗalibin babban digiri a sashen Fiziks na jami'ar. A nan ya haɗu da Farfesa Michael Pupin, wanda ya horar da shi a ɓangaren lissafin kimiyya.

Wani dogon hutun ne kuma ya buɗe masa ƙofa ta biyu. A hutun 1894 ya tafi Jami'ar Shikago, ya zauna a ƙarƙashin Albert Michelson, masanin da ya yi suna a duniya wajen auna gudun haske. A wurin Michelson ya ga yadda ake ƙera na'ura don amsa tambaya guda ɗaya, da yadda ake maimaita awo sau da yawa har a rage kuskure iyakar iyawa. Hutun 1889 ya koya masa Fiziks na cikin littafi, na 1894 kuma ya nuna masa yadda masu bincike ke samo abin da ake rubutawa a littafin.

Ya kammala digirinsa na uku a 1895. Bincikensa ya shafi yanayin hasken da ke fitowa daga ƙarfen da ya yi jawur da zafi, kuma ya yi amfani da narkakken zinariya da azurfa na ma'aikatar buga kuɗin Amurka. Daga nan Pupin ya ba shi rancen kuɗi ya tafi Jamus, ya yi shekara guda a jami'o'in Barlin da Göttingen. Zuwan nasa ya dace da lokacin da kimiyyar ke sauya kama, domin a ƙarshen 1895 ne Wilhelm Röntgen ya gano hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A 1896 Michelson ya kira shi Shikago ya zama mataimakin malami.

5.0 Shekarun Koyarwa a Shikago

Millikan ya shafe shekaru goma na farko a Shikago yana koyarwa da tsara manhaja da rubuta littattafai. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne A First Course in Physics, wanda suka rubuta shi da Henry Gale a 1906, makarantun sakandaren Amurka kuma suka daɗe suna aiki da shi. A 1902 ya auri Greta Blanchard, suka haifi 'ya'ya maza uku: Clark da Glenn da Max.

Sai dai duk da sunan da ya yi a koyarwa, ya doshi shekara 40 ba tare da ya yi wani binciken a-zo-a-gani ba. Wannan abu ya dame shi. Saboda haka ya yanke shawarar ya zaɓi babbar matsala guda ɗaya ya duƙufa a kanta.

6.0 Gwajin Ɗigon Mai

A shekarar 1897 wani masani ɗan Ingila, J. J. Thomson, ya gano ilektiron. Tambayar da ta rage ita ce: nawa ne cajin da ke jikin ilektiron guda? Kuma shin duk ilektiron cajinsu ɗaya ne, ko kuwa lantarki kamar ruwa yake, ana iya raba shi yadda aka ga dama? Masanan Ingila sun gwada amsawa ta hanyar haɗa ɗan hazo na tururin ruwa a cikin akwati suna duban saurin saukarsa, amma sakamakon nasu kintace ne kawai, domin gefen hazo ba ya tsayawa a fili balle a auna shi daidai.

Millikan da wani ɗalibinsa, Louis Begeman, suka ɗauki wannan hanya suka ƙara mata ƙarfi da batir mai bolt 10,000. Da suka kunna, sai hazon ya watse, ya bar 'yan ɗigogin ruwa ƙalilan suna rataye a iska. Nan take Millikan ya gane cewa bin ɗigo guda ɗaya ya fi bin hazo gaba ɗaya. Matsalar ita ce ɗigon ruwa ba ya kai minti guda sai ya bushe. A 1909 aka maye ruwa da mai, wanda ba ya saurin bushewa. Ɗalibin da ya haɗa na'urar farko ta mai shi ne Harvey Fletcher, wanda ya sayo man agogo da ɗan mafeshi irin na turare a kantin magani.

Ga yadda gwajin yake. Akan jera faifai biyu na ƙarfe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da tazarar milimita 16 a tsakaninsu, na saman yana da 'yar ƙaramar huda. Sai a fesa mai a samansa. Gogayyar da man ke yi a bakin mafeshi takan sa ɗigogin su ɗauki caji. In ɗigo guda ya ratsa hudar ya shiga tsakanin faifan, sai a haska shi ta gefe, mai gwaji kuma ya dube shi ta madubi mai ƙara girman abu, inda zai gan shi kamar tauraro a cikin duhu. Da farko akan bar ɗigon ya sauka da nauyinsa, a auna daƙiƙoƙin da ya ɗauka tsakanin layuka biyu da aka shata a madubin. Daga wannan ake lissafa girmansa da nauyinsa. Sannan a haɗa faifan da batir, sai ƙarfin lantarki ya ja ɗigon sama, a sake auna saurinsa. Daga saurin hawan ake gane yawan cajin da yake ɗauke da shi. Ta kunnawa da kashewa ana iya riƙe ɗigo guda yana hawa da sauka har tsawon sa'o'i.

Abin da aka lura da shi shi ne, duk lokacin da ɗigon ya ɗauki ƙarin caji daga iska, saurinsa yakan canja farat ɗaya, kuma canjin yana da ƙayyadadden mataki. Misalinsa kamar a ba mutum ɗaurarrun jakunkuna da aka zuba kwabbai iri ɗaya a ciki, ba a gaya masa adadinsu ba. In ya auna su ya tarar bambancin nauyin kowace jaka da 'yar'uwarta kullum ninki ne na wani ƙaramin nauyi guda, to ya gano nauyin kwabo ɗaya ko da bai kwance jaka ba. Haka Millikan ya tarar cewa cajin kowane ɗigo ninki ne na wani adadi guda: ninki ɗaya, ko biyu, ko biyar, amma ba a taɓa samun ɗaya da rabi ba. Wannan adadi shi ne cajin ilektiron.

An buga sakamakon farko a 1910, shekarar da ya zama cikakken farfesa, sannan cikakken rahoto ya fito a 1913. Adadin da ya samu, in an juya shi zuwa ma'aunin yau, shi ne kulom 1.592 × 10⁻¹⁹. Adadin da aka tabbatar daga baya shi ne kulom 1.602 × 10⁻¹⁹, wato bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma ya samo asali ne daga wani adadi na yadda iska ke rage gudun abin da ke ratsa ta, wanda aka yi amfani da shi alhali yana da ɗan kuskure.

7.0 Binciken Haske da Lambar Nobel

A 1905 Albert Einstein ya kawo ra'ayin cewa haske yana tafiya ne ƙunshi-ƙunshi, ya kuma fitar da lissafin da ke nuna ƙarfin da ilektiron zai fita da shi in haske ya bugi ƙarfe. Millikan bai yarda da wannan ra'ayi ba, saboda haka ya ɗaura ɗamarar jarraba shi. Ƙarafan da suka dace da gwajin, irin su sodiyam, da zarar iska ta taɓa su sai fuskarsu ta dushe. Don haka ya sa aka ƙera kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, aka sa 'yar wuƙa a ciki wadda ake sarrafawa daga waje da maganaɗisu, tana kankare fuskar ƙarfen kafin kowane awo.

Sakamakon da ya buga a 1916 ya nuna cewa lissafin Einstein daidai yake. Millikan ya wallafa shi yadda ya fito, ko da yake ya saɓa wa abin da ya zata, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya amince da bayanin da ke bayan lissafin. A 1923 aka ba shi lambar Nobel saboda wannan aiki da na ɗigon mai. Shi ne haifaffen Amurka na farko da ya sami lambar a fannin Fiziks, domin Michelson da ya riga shi a 1907 a Turai aka haife shi.

8.0 Shugabancinsa a Caltech

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Millikan ya yi aiki da Majalisar Bincike ta Ƙasa, inda ya kula da ƙera na'urorin gano jiragen ƙarƙashin ruwa. A 1921 ya bar Shikago ya koma Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya da ke Pasadena, wadda aka fi sani da Caltech, ya shugabance ta har 1945. A hannunsa wannan ƙaramar makaranta ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin kimiyya na duniya.

A can ya mai da hankali ga wani irin tartsatsi da ke faɗowa duniya daga sararin samaniya, wanda Victor Hess ya gano a 1912. Millikan ya ɗauka wani nau'in haske ne mai tsananin ƙarfi. Arthur Compton ya ja da shi a 1932, ya nuna cewa yawan tartsatsin yana bambanta daga wani yanki na duniya zuwa wani, alamar cewa ƙwayoyi ne masu caji waɗanda maganaɗisun duniya ke karkatarwa. Gaskiya tana wajen Compton. Duk da haka, binciken ya haifi ɗa mai ido, domin ɗalibinsa Carl Anderson, wanda ya ɗora a kan wannan aiki, ya gano sabuwar ƙwaya mai suna fozitiron a 1932, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1936.

9.0 Abubuwan da Aka Soke Shi a Kai

Hausawa kan ce mutum tara yake bai cika goma ba. Akwai abubuwa uku da masu tarihi suka yi ta tattaunawa a kansu game da Millikan.

Na farko shi ne haƙƙin ɗalibi. Maƙalar 1910 ta fito ne da sunan Millikan shi kaɗai. Shi da Fletcher sun yi yarjejeniya cewa malamin zai ɗauki wannan maƙala, ɗalibin kuma ya ɗauki wata daban don neman digirinsa na uku. Fletcher ya yi shiru har ƙarshen rayuwarsa, amma ya bar rubutaccen bayani da aka buga a 1982, shekara guda bayan mutuwarsa. A ciki ya nuna cewa ya so a sa sunansa, sai dai bai riƙe malaminsa a zuciya ba, domin ya taimake shi ƙwarai a wasu fuskoki.

Na biyu shi ne gaskiyar rahoto. A maƙalar 1913 Millikan ya kawo ɗigo 58, ya kuma ce su ne dukkan waɗanda aka gwada cikin kwana 60 a jere. Da masanin tarihin kimiyya Gerald Holton ya duba littattafan ajiyar bayanansa a shekarun 1970, sai ya tarar ɗigogin da aka rubuta sun haura ɗari. Wani masanin, Allan Franklin, ya sake lissafin, ya nuna cewa yawancin waɗanda aka bari an gwada su ne lokacin da ake daidaita na'ura ko kuma an sami tangarɗa, kuma ko an haɗa da su adadin ba zai canja sosai ba. Saboda haka sakamakon ya tsaya, amma furucin da ya yi a maƙalar ya ci gaba da zama abin suka.

Na uku shi ne shigarsa, a 1937, kwamitin amintattu na wata ƙungiya a Pasadena da ke goyon bayan a yi wa masu taɓin hankali da wasu naƙasassu tiyatar hana haihuwa bisa tilas. Saboda wannan ne hukumar Caltech ta yanke shawara a 2021 ta cire sunansa daga gine-ginenta.

10.0 Rasuwarsa

Millikan ya rayu yana mai riƙo da addininsa na Kirista, ya kuma yi rubuce-rubuce da laccoci yana nuna cewa kimiyya da addini ba sa karo da juna. Ya mutu ranar 19 ga Disamba, 1953, a San Marino ta jihar Kalifoniya, yana da shekara 85, 'yan watanni bayan mutuwar matarsa. Shekara 26 bayan haka, wato a 1979, Caltech ta buɗe wani shiri da ɗaliban digirin farko ke shafe mako 10 na dogon hutu suna bincike a ƙarƙashin wani malami, su rubuta rahoto, su gabatar da shi a gaban jama'a.

11.0 Kammalawa

Tarihin Millikan ya nuna cewa malami yana iya ƙwarewa a darasin da bai fara da shi ba, muddin ya zauna ya warware matsalolinsa da kansa kafin ya tsaya gaban aji. Ya kuma nuna tasirin da malami ke da shi wajen hango baiwar ɗalibi, kamar yadda malamin Girkanci ya hango tasa, da amfanin ba ɗalibi aiki na gaske tun yana kan karatu. A ɗaya ɓangaren, labarin Fletcher da na ɗigo 58 suna tunatar da mai koyarwa da mai bincike nauyi biyu da ke kansu: su ambaci duk wanda ya sa hannu a aiki, su kuma faɗi yadda aka yi aikin ba ragi ba ƙari.

Tambayoyi

1. Yi bayanin yadda Millikan ya shiga fagen Fiziks, tare da nuna rawar da hutun 1889 da na 1894 suka taka.
2. Bayyana matakan gwajin ɗigon mai da kalmominka, kamar kana koya wa 'yan ƙaramar sakandare.
3. Me ya sa aka maye ruwa da mai a wannan gwaji?
4. Tattauna yarjejeniyar Millikan da Fletcher. Wane haƙƙi ɗalibi yake da shi a kan malamin da suka yi aiki tare?
5. Kawo darussa uku da malami mai koyon aiki zai ɗauka daga wannan tarihi.